Keken duwatsu a hanyoyin Sanam: in gangarsa ta tsage, wa zai biya?

Duk wanda ya san ƙasar Kurfai ya san cewa a 'yan shekarun nan keke ya dawo da darajar da babur ya ƙwace masa. A watan Maris na 2017 gwamnati ta sa dokar ta-ɓaci a gundumar Abala, wadda Sanam ke cikinta. A farkon Janairu na 2020 kuma aka hana hawan babur dare da rana a yankuna da dama na jihar Tilaberi. An ɗage hanin a watan Satumba na 2021, daga baya aka sake tsaurara shi a wasu wurare. A cikin wannan hali mai zuwa kasuwa, da ɗan lakkol, da mai neman magani a likita, duk sai suka koma ga jaki, ko amalanke, ko keke. To, keken da ya fi jan idon matasa shi ne wanda masu jin Faransanci ke kira VTT, wato keken hawan duwatsu: mai manyan tayoyi, mai giya, da wani murɗaɗɗen ƙarfe a ƙarƙashin sirdi wanda makanikanmu ke ce wa amortisar, 'yan Najeriya su ce shakazoba.

Kukan da masu saurarenmu ke kawowa gidan rediyo game da wannan keke kusan iri ɗaya ne. An saye shi da kuɗin rago ko na buhun wake, bai kai ga damina ta biyu ba gangar jikinsa, abin da masu gyara ke kira kadar, ta tsage. An koma wurin mai kanti ya ce kaya in ya fita ba ya dawowa. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna a kan maganar, domin asarar ba ta tsaya ga kuɗi ba. Gangar keke in ta rabe a gangare, fuskar mahayi ce ke fara isa ƙasa, kuma daga ƙauyukan Sanam zuwa inda za a ɗinke mutum tafiya ce.

Sai mu fara da asalinsa, don a nan matsalar take. Wannan keke abin wasa ne tun ranar da aka haife shi. A shekarun 1970 wasu samari a yankin Marin na jihar Kaliforniya ta Amurka suka riƙa gangarowa daga kan duwatsu da tsofaffin kekuna don nishaɗi. Ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya ƙera gangar farko ta musamman a 1977, a 1981 kamfanin Specialized ya fara sayar da irinsa da yawa, a 1996 kuma aka shigar da tserensa cikin wasannin Olamfik a Atlanta. Wato an zana shi ne don mutum guda, da gorar ruwa guda, ya yi tsalle-tsallensa ya koma gida. Ba wanda ya zana shi da tunanin jarka biyu na ruwa ko rabin buhun hatsi.

Iyayenmu kuwa da Raleigh suka saba, da Phoenix na Sin, da Hero na Indiya. Baƙin ƙarfe ne, nauyi kamar me, babu giya babu ado, amma kariyarsa a kan gindin tayar baya take tsaye, nauyin kaya yana sauka kai tsaye a kan taya. Har yau ana samun irinsu a ƙauyuka, an yi musu walda sau uku sau huɗu suna tafiya.

Abu na biyu, mafi yawan masu amortisar da ke isowa kasuwanninmu ba na ainihin 'yan tsere ba ne. Kwaikwayo ne, an yi shi don ido. Na gaskiyar yana da mai a cikin amortisar ɗinsa wanda ke tare sifirin kada ya yi ta bugowa, yana da boris a mahaɗar da ƙafar baya ke lilo a kanta. Na kwaikwayon sifirin ne tsirara, mahaɗar kuma ƙusa ce guda da 'yar roba. Ganin kitse ake yi wa rogo. Ragowar kuma na hannu ne da aka kwaso daga Turai, waɗansu masu kyau ƙwarai, sai dai ba wanda ya san irin wuyar da suka sha kafin su hau jirgin ruwa.

Ga lissafi mai sauƙi. Jarka mai lita 25 in ta cika kilo 25 ce, biyu kilo 50. Saurayi mai kilo 65, keken kansa kilo 17 ko 18, an haura kilo 130. Kamfanin Trek, wanda yana cikin manya a duniya, iyakar da ya sa wa mafi yawan kekunansa na duwatsu ita ce kilo 136, har da keke da mahayi da kaya. In na mai tsada ya tsaya a nan, ina ga na kwaikwayo? Kuma ba nauyin ne kaɗai ba, inda aka ɗora shi ma abin dubawa ne. Keke mai amortisar ba shi da wurin ɗaura kariya, saboda bayansa motsi yake. Sai a maƙala kariyar a sandar sirdi, alhali irin wannan kariya kilo 10 ne ƙarfinta ko ƙasa da haka. Ko kuma a kai wa mai walda ya haɗa ta daga ƙarƙashin sirdi zuwa gindin taya, wato ya ɗaure abin da aka yi don ya motsa. Daga ranar duk ramin da taya ta faɗa, bugun yana tafiya ne cikin waldar da bakin bututun sirdi.

Ƙarfe ba ya karyewa rana ɗaya, gajiya yake yi. Kowa ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta katse ya ga yadda abin yake. Hanya mai gargada irin ta jar ƙasa tana yi wa ganga wannan lanƙwasa sau dubbai a tafiya guda. A nan ne baƙin ƙarfe da alminiyam suka rabu. Baƙin ƙarfe in ba a wuce masa ƙima ba yana iya jurewa shekara da shekaru, in zai mutu kuma yakan yi gargaɗi, ya lanƙwashe, ya yi ƙara. Alminiyam kowace girgiza tana rage masa kwana, tsagarsa kuma tana gudu da sauri. Mai saye yana iya rabe su da ɗan maganaɗisu, ko na tsohuwar lasifikar rediyo: in ya kama baƙin ƙarfe ne, in ya zame alminiyam ne.

Wuraren da tsaga ke farawa sanannu ne, kusan kullum a gefen walda. Akwai wuyan keke, inda bututu biyu suka haɗu da na kai. Akwai ƙasan feda, inda ƙafafun baya suka taso. Akwai kunnuwan da aka ɗaura amortisar a kansu. Wanda ya fi yawa a wurinmu, a ganinmu, shi ne bakin bututun sirdi, saboda ana sayen ƙaramin keke don arha, dogon mutum ya zaro sandar sirdi har ta wuce zanen da kamfani ya yi mata. Wannan zane ba ado ba ne, iyaka ce, dole ya ɓuya a cikin bututu. Tsagar farko siririya ce kamar gashi, ƙura kuma tana rufe ta. Sai an wanke keke an duba a rana. Fenti da ya tashi a layi, ko zaren tsatsa, ko wata ƙara da ke fitowa duk lokacin da aka taka feda, duk alamu ne.

Yanzu ga maganar garanti, wadda ita ce ke tayar da jijiyar wuya a bakin kanti. Gaskiya ne manyan kamfanoni kamar Trek da Decathlon suna ba da garantin ganga na shekaru masu yawa, a wasu nau'o'in ma na tsawon rayuwar keken. Masu talla suna son faɗin wannan, ba sa son karanta sharuɗɗan. Yawanci cikakken garantin na wanda ya fara saye ne daga dillalin da kamfani ya amince da shi, da faktir a hannu. Yana rufe kuskuren ƙira ne kawai. Haɗari, da lodin da ya wuce iyaka, da duk wani sauyi da aka yi wa ganga, sun fita. Ke nan keken da ya zo na hannu ya bar mafi yawan garantinsa a Turai, wanda aka yi wa waldar kariya kuma mai shi ya soke sauran da kansa. Ko da komi ya cika, a kai wa wa? Daga Filinge zuwa Yamai kilomita wajen 180 ne, daga Sanam ya fi haka nesa, kuɗin motar mutum da keke zuwa da dawowa ya cinye ribar ƙarar. Na kwaikwayon kuwa sunan da ke jikinsa sitika ce, babu kamfanin da za a nema.

Duk da haka ba mu yarda da masu cewa mai saye ba shi da bakin magana ba. Nijar tana da dokar kare masu saye tun 2015, dokar farar hula da muka gada ta ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibi, malamanmu ma a babin ciniki sun karantar da cewa wanda ya san aibin hajarsa wajibi ne ya bayyana, in ya ɓoye ana iya mayar masa. Abin da ke kayar da mutanenmu shi ne rashin shaida. Kowane keke na kirki yana da lamba da aka buga a ƙarƙashin gindin feda. A juya shi a karanta ta, a sa mai kanti ya rubuta ta a takarda da ranar ciniki da kuɗin da aka biya da kwanakin da ya yarda zai karɓi kayansa in aibi ya fito, ko da mako biyu ne, a gaban shaidu. Mai kantin da ya ƙi rubuta wannan ya riga ya gaya maka abin da ya sani game da kekensa. In an sake fentin ganga kuwa, musamman a gefen walda kaɗai, a tambayi dalili.

Su ma 'yan kasuwar suna da nasu uzurin, kada mu zalunce su. Bayan rufe iyakoki da ya biyo juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kayan da suka saba shigowa ta Kwatano sai da suka zagaya ta Lome da Burkina, komi ya yi tsada, kayan gyara suka yi wuya. Mai kanti a Filinge shi ma ba wanda ya ba shi garanti a inda ya saro. Kuma wanda ya ɗora buhu a kan keken wasa ya dawo yana neman canji, shi ma bai yi adalci ba.

Wanda ya riga ya mallaki mai amortisar fa? Gyaran da ya fi muhimmanci ba ya cin ko dala, amma kusan ba wanda ke yin sa. Amortisar ana daidaita shi ne da nauyin mai hawa. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce, in mutum ya zauna a sirdi tsit, amortisar ya nutse kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na iyakar tafiyarsa, wato wajen rubu'i. A auna tsakanin ƙusoshinsa biyu keke na tsaye ba kowa, sannan mai shi ya hau ya dafa bango, wani ya sake aunawa. A irin gajeren amortisar da ya fi yawa a nan, bambancin bai kamata ya wuce santimita ɗaya ba. In ya wuce, akwai zobe mai zare a kan sifirin, a murɗa shi ya matse. Amma zagaye biyu ko uku ne iyaka. In an kai nan har yanzu yana nutsewa, sifirin ne ya yi wa mutumin laushi, sai a nemi mai tauri, lambar ƙarfinsa tana rubuce a jikinsa. Mun sha ganin an murɗe zoben har ƙarshe da sunan ƙarfafa keke. Abin da ke faruwa shi ne zoben sifirin suna haɗuwa da juna tun kafin a gama shan rami, bugun ya wuce kai tsaye cikin kunnuwan ganga. Wanda aka bari sako-sako shi ma yana dukan ƙasa a kowane rami, ƙarshensu ɗaya.

Masu amortisar na iska, waɗanda kan zo cikin na hannu, su kula: famfon taya ba ya cika shi. Yana da nasa ƙaramin famfo mai kaiwa awo 20 a ma'aunin bar, kuma in robobin cikinsa suka mutu a ƙurar hunturu, samun madadinsu ko a Yamai aiki ne. In akwai ɗan jan maɓalli a jikinsa, shi ke saita saurin dawowa. A danna sirdi da ƙarfi a sake, keken ya taso sau ɗaya ya tsaya, kada ya yi harbi kamar jaki, kada kuma ya taso da kasala. Sai mahaɗar ƙafar baya: a riƙe sirdi a girgiza tayar baya hagu da dama. In akwai wasa, a ɗaure ƙusar ko a canza robar tun ramin bai faɗaɗa ba. Kada a cika mata giris a waje, rairayi yake tarawa ya zama kamar dutsen wasa wuƙa.

Ra'ayinmu dai, ga mai ɗaukar ruwa da hatsi da itace, mai amortisar a baya ba kekensa ba ne. Ganga ta baƙin ƙarfe mai baya a tsaye, da faffaɗar taya da aka rage wa iska kaɗan don rairayi, ta fi masa. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, da ta tashi ƙera keken karkarar Afirka mai suna Buffalo, baƙin ƙarfe ta zaɓa, ba amortisar ko ɗaya, kariyarsa kuma tana ɗaukar kilo 100.

In tsaga ta riga ta bayyana, a sauka a tura. Baƙin ƙarfe mai walda na Sanam ko Abala zai iya kama shi, ya fi kyau ya yi da wutar gas don bututun siriri ne, wutar lantarki tana huda shi, ya kuma ɗora ɗan ƙarfe a kai ya ƙarfafa wurin. Alminiyam sai injin argon, wanda sai an je babban gari, kuma ko an yi, zafin waldar yana kashe taurin ƙarfen da ke kewaye, sai an mayar da gangar gaba ɗaya cikin tanderun masana'anta kafin ya dawo. Shi ya sa takan sake tsagewa dab da inda aka gyara. In a wuyan keke ne tsagar take, kada a ɗora yaro a kai ko zuwa rijiya. A kwance tayoyi da giya da birki da sirdi, a nemi tsohuwar ganga ta baƙin ƙarfe a kasuwar Katako a mayar da su a kanta.