Wushiryar da Ta Jawo Gardamar Shekara Ɗari

A shekarar 1860, lokacin Sarki Abdullahi Maje Karofi yana kan gadon sarautar Kano, garin Kaduna kuwa ko harsashinsa ba a sa ba, aka kai wa wani likitan haƙori a birnin San Faransisko na Amurka wata yarinya 'yar shekara 14. Sunan likitan Emerson Angell. Matsalar yarinyar irin wadda ake gani ce har gobe a kowace unguwa: muƙamuƙinta na sama ya yi wa haƙoranta kaɗan, sun cushe, wani ya rasa wurin tsayawa ya fito a karkace. Abin da aka saba yi a zamanin shi ne a cire haƙori don sauran su samu sarari. Angell ya ce shi ba zai cire ba.

Sai ya ƙera wani ɗan sandan ƙarfe mai sukuru, zaren ɓangare ɗaya yana bin dama, na ɗayan yana bin hagu, ta yadda in aka murɗa tsakiyar, bakunan biyu za su riƙa miƙewa waje. Ya gitta shi a ganɗar yarinyar, baki ɗaya ya tokare haƙoran dama, ɗayan ya tokare na hagu. Ya ba ta ɗan makulli, ya ce ta riƙa murɗawa da kanta, kada ta bari ya yi sako-sako. Da ta dawo bayan mako biyu, muƙamuƙin ya buɗe da kusan kwatan inci, wato wajen milimita 6. Ga kuma wani abu da ba ta zo da shi ba: wushirya ta bayyana tsakanin haƙoranta biyu na gaba.

A kowane lungu na ƙasar Hausa, yarinyar da ta wayi gari da wushirya sai dai a taya ta murna. Ado ce a wajenmu, har akwai masu biyan kuɗi a sassaƙe musu haƙori don su same ta, abin da likitoci ke ta hani a kai saboda yana cinye fatar haƙorin da ba ta sake tofowa. Shi Angell ba ado ya gani ba, hujja ya gani. Ƙarfensa bai taɓa haƙoran gaba ba ko kaɗan. Da a ce haƙoran gefe kawai ya tura suka kwanta waje, da na gaban suna nan manne da juna yadda suke. Tun da sun rabu ba tare da an taɓa su ba, to abin da suke tsaye a kai ne ya rabu.

Muƙamuƙin sama ba ƙashi ɗaya ba ne. Biyu ne, na dama da na hagu, sun haɗu a wani layi da ya ratsa tsakiyar ganɗa tun daga bayan haƙoran gaba har can ciki. Kowace uwa ta san maɗigar jariri, yadda take da taushi kafin ƙasusuwan kai su rufe ta. Mahaɗar ganɗa ma ba ta zuwa duniya a rufe, sai dai ita tana jinkiri sosai, tana kaiwa shekarun balaga kafin ta fara sarƙewa. Wannan mahaɗar Angell ya ce ya buɗe.

Ya rubuta labarin ya aika wa mujallar Dental Cosmos ta birnin Filadelfiya, wadda ita ce madubin sana'ar a Amurka. Suka buga, amma suka haɗa da sharhin cewa ba su yarda da abin da ya ce ya faru ba. Ɗaya daga cikin editocin, John McQuillen, wanda daga baya ya jagoranci kafa kwalejin likitocin haƙori ta Filadelfiya a 1863, ya tsaya kai da fata cewa ba yadda za a yi ɗan sukuru ya raba waɗannan ƙasusuwa, alhali suna ɗaure da na kumatu da na gindin ƙwanya. In ma sun rabu, a ganinsa, ɓarna aka yi ba magani ba.

Ni ban ga wautar McQuillen ba. Wanda ya koyi ƙirar jiki a kan busasshen ƙoƙon kan babban mutum, ya ga mahaɗar nan ta sarƙe kamar ba a taɓa raba ta ba, da wuya ya yarda da maganar wani likita daga can gaɓar yamma, garin da 'yan haƙar zinari suka cika shekaru kaɗan da suka wuce. Kuma babu mai raba gardamar, domin ba wanda zai iya leƙa ƙarƙashin naman ganɗar mai rai. Sai a 1895 Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, a Jamus. Angell ya rasu a 1903.

Dabarar ba ta mutu gaba ɗaya ba. A farkon ƙarni na 20 wasu likitocin hanci sun riƙa neman a yi wa yara ita, saboda rufin baki shi ne daɓen hanci, in ganɗa ta buɗe hanyar numfashi ma tana ɗan ƙaruwa. Amma a Amurka manyan masu gyaran haƙori sun juya mata baya, ta koma hannun 'yan tsiraru a Turai. A 1956 wani farfesa daga birnin Bon na Jamus, Gustav Korkhaus, ya ziyarci Jami'ar Illinois da ke Shikago, ya nuna hotunan ƙashin yaran da ya yi wa aikin. Cikin waɗanda abin ya kama akwai wani matashin likita, Andrew Haas. Shi bai tsaya gardama da baki ba, ya nemo aladu ya saka musu ƙarfen, ya buɗe ganɗarsu, sannan ya duba abin da ya faru da ƙashin. Mahaɗar ta buɗe, kuma sabon ƙashi ya tsiro ya cike gurbin. Ya gwada a kan yara ya samu haka, ya buga sakamakon a 1961. Shekara 101 ke nan da rubutun Angell.

Abin da ake sakawa yau jikan wancan sandan ne. Ana ɗaure shi a turamen sama, sukurun yana tsakiyar ganɗa, uwa ko uba su sa ɗan makulli su murɗa sau ɗaya ko biyu a rana. Kowane murɗi kusan kwatan milimita ne. Yaro yakan ji matsi a ganɗa da karan hanci na ɗan lokaci, yawu ya yawaita, harshe ya riƙa tuntuɓe da ƙarfen kwanakin farko. Cikin mako biyu zuwa uku an gama murɗi, amma ba a cire ƙarfen sai ya yi wata uku zuwa shida, don sabon ƙashi ya yi ƙwari. Wushiryar kuwa baƙuwa ce. Akwai wasu zarurruka a cikin dasashi da suka ɗaure haƙoran gaba da juna, su ke jawo su a hankali har gurbin ya rufe ko ya kusa, tun ƙarfen yana baki.

McQuillen ma bai tashi a tutar babu ba. A 1975 wata likita 'yar Denmak, Birte Melsen, ta bi mahaɗar ganɗa a gawarwakin masu shekaru daban-daban, ta nuna cewa a ƙuruciya miƙaƙƙiya ce, da girma sai ta riƙa lanƙwasa, bayan balaga kuma gefunan biyu su kutsa cikin juna. A babban mutum, ƙarfen da ya dogara da haƙora kaɗai yakan tura su ne su kwanta waje, dasashi ya janye, ƙashin ya ƙi motsi. Shi ya sa aka daɗe ana cewa babba sai an haɗa masa da tiyata, a tsaga ƙashin kafin a murɗa. A 2010 Kee-Joon Lee da abokan aikinsa a Jami'ar Yonsei ta Koriya ta Kudu suka buga wata hanyar: a kafa ƙananan sukurori a cikin ƙashin ganɗa kansa, ƙarfin ya tafi ga ƙashi kai tsaye. Da ita ake buɗe ganɗar samari da 'yan mata da yawa da suka haura shekara 20 ba tare da wuƙa ba, ko da yake ba kowa take buɗe wa ba, kuma nasarar tana raguwa yadda shekaru ke ƙaruwa.