Jin Ɗumi a Ɗaki: Wane Murhu Za a Shigar, Wanne Za a Bari a Tsakar Gida?

Da zarar hunturu ya kankama, tsakanin Disamba da Janairu, sai a soma jin labarin da aka ji bara. An wayi gari an buga ƙofa shiru, aka ɓalle, aka tarar da magidanci da iyalinsa, wasu sun cika, wasu rai a hannun Allah. Kafin azahar gari ya ɗauka. Wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce guba aka sa a tuwon dare, tsofaffi su ce iska ce. Kaskon da ke tsakiyar ɗakin cike da toka kuwa babu mai ko kallonsa, kuma daren ranar maƙwabta za su cika nasu da gawayi su shige da shi ɗaki.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne amsar da ake bayarwa in ka yi magana: "Ai sai da na bari ya ruru a waje, hayaƙin ya ƙare, sannan na shigo da shi." Mai faɗin haka yana ganin ya yi taka-tsantsan. To, hayaƙin da ido ke gani, wanda ke sa hawaye da tari, shi ne mai gargaɗi. Yana korar mutum ya buɗe taga ko ya fita. Wanda ke kisa cikin dare iska ce da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa ko atishawa. Duk wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da ita, kuma garwashin da ya yi jajir ya lafa a ƙarƙashin toka yana cikin masu fitar da ita da yawa. Wato lokacin da ka ce hayaƙi ya ƙare, mai gargaɗin ne ya tafi.

Jinin ɗan Adam yana kama wannan iska fiye da yadda yake kama oksijin sau ɗari biyu da wani abu. Tana shiga ta mamaye gurbin da oksijin zai hau ya isa ƙwaƙwalwa da zuciya. Mai ido biyu zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, ya ce sanyi ne ya kama shi ko zazzaɓi ke tafe, ya ƙara jan bargo. Mai barci ba zai ji komai ba. Jarirai, tsofaffi, masu juna biyu da masu ciwon zuciya su ke fara faɗuwa. Ga ɗakunan yanzu na bulo da siminti, da silin, da tagogin gilas, an kuma cusa tsumma a ƙasan ƙofa don kada jaura ta shigo. Masu cewa "haka kakanninmu suka yi ba abin da ya same su" sun manta cewa ɗakin kakanni na jinka ne, iska na ratsa shi ta ko'ina. Ajali gaskiya ne, amma tun a Islamiyya aka karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a kashe wuta kafin a kwanta. Me ya sa muke riƙe na farkon mu yi watsi da na biyun?

Illar ba ta tsaya a kisan dare ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda galibi daga itace da gawayi take, tana kashe mutane wajen miliyan 3 a shekara. Talauci da rashin lantarki suna da nasu kason, ba musu.

Mutanen ƙasashen sanyi sun daɗe da wannan gwagwarmaya, kuma abin da suka cimma ɗaya ne: a rufe wuta cikin akwati, a ba hayaƙi hanyarsa ta fita waje, a bar jikin akwatin ya ɗumama ɗaki. Buɗaɗɗiyar wuta tana asarar mafi yawan zafinta, ingantaccen murhun ƙarfe na zamani kuwa yana mayar da kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na ƙarfin itacen ya zama ɗumi. Amurka ta fara ƙayyade hayaƙin irin waɗannan murahu da doka a 1988, Tarayyar Turai ta tsaurara nata sharuɗɗan a 2022. Mu ma da mutanen Jos da Gembu da Agadez, inda sanyi ba wasa, abin dubawa na farko ke nan: yana da bututun hayaƙi ko ba shi da shi? In babu, wurinsa tsakar gida, ko kasko ne, ko kurfoti, ko murhun duwatsu uku.

A nan ake wani ruɗani. Murahun girki masu tsimin itace, irin Save80 da aka yaɗa a arewacin Najeriya ko Mai Sauƙi na Nijar, an ƙera su ne don su tattara zafi a gindin tukunya. Suna rage cin itace ƙwarai, amma ba na ɗumama ɗaki ba ne, kuma abin da suke fitarwa a ɗakin yake tsayawa. Sunan "ingantacce" ba ya ba su izinin kwana da mutane.

Cikin masu bututu, zaɓi ya danganta da irin sanyin da kake fama da shi. Na farantin ƙarfe yana ɗaukar zafi nan da nan, yana kuma hucewa da wuta ta mutu. Na zubin ƙarfe mai kauri ya fi jinkirin ɗauka, ya fi riƙewa. Na laka ko bulon ƙasa ko dutse, irin na Finlan da Rasha, ana hura masa wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci da yamma, a bar ta ta cinye, ginin ya yi ta sakin ɗumi har asuba. A ganina wannan ya fi dacewa da mu, domin sanyinmu na dare ne da asubahi, kuma mutum zai kwanta babu wuta a ɗakinsa. Ba baƙon abu ba ne ma. Gadon ƙasa da ake hura wa wuta a ƙarƙashi dabarar ke nan, abin da ya rasa kawai hanyar fitar hayaƙi, wadda mutanen arewacin Sin suka daɗe da yi wa nasu gadon.

In mai walda zai haɗa maka na ƙarfe, ka tsaya a kansa. Kada ya yi da kwanon rufi, domin farin sinadarin da ke jikinsa yana fitar da tururi mai cutarwa in ya sha wuta, kada kuma ya yanka durom ɗin da aka zuba maganin ƙwari ko fenti. Ƙofar murhun ta rufu ruf, da 'yar kafar iska da za a iya ƙarawa ko ragewa. Bututun ya miƙe sama ya zarce rufin ɗaki, ba a turo shi ta taga a bar shi kwance ba, in ba haka ba iskar hunturu za ta maido maka da hayaƙin. Inda ya ratsa silin ko azara a raba shi da katako. Kada kwaɗayi ya sa ka ɗauki babba a ƙaramin ɗaki: zafi zai ishe ka, ka toshe masa iska, wutar ta koma cin ciki, ga gubar ta dawo. Ƙarami mai ci bal-bal ya fi shi. A ɗora shi a kan siminti ko bulo, nesa da katifa, labule da gidan sauro, a yi masa shinge saboda masu rarrafe.

Sai itace. Ɗanye kusan rabinsa ruwa ne, wuta za ta ɓata ƙarfinta wajen busar da shi, ta bar baƙar kunkunniya mai danƙo a cikin bututu, wadda wata rana ita da kanta za ta kama da wuta. Shi ya sa tun 2021 Ingila ta hana sayar wa gidaje jiƙaƙƙen itace a ƙananan ɗauri, ta ce danshinsa kada ya wuce kashi 20. Mu rana ta hutar da mu. A faskara tun kaka, a jera inda iska ke bugu. Mai nauyi irin marke ya fi daɗewa yana ci. Leda, roba da katako mai fenti ba makamashi ba ne. A kakkaɓe bututu kafin sanyi ya shigo, a kwashe toka a kai waje, don garwashi kan kwana a cikinta da rai. Ko da bututu, a bar wata kafa a taga. Akwai kuma 'yar na'ura mai batir da ke yin ƙara in ta ji kabon monoksaid, mai hali ya rataya ta a ɗakin kwana.

In kuwa mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri lokaci guda, ko aka kasa tada wani, a buɗe ƙofa da tagogi, a fito da kowa sarari. Kada a tsaya ɗura wa wanda ya suma madara ko manja, zai iya shaƙewa. A garzaya asibiti, a faɗa wa likita cewa da gawayi aka kwana, domin oksijin za a sa wa majinyacin.