Gidan Makama

Gidan Makama tsohon gidan sarauta ne da ke cikin birnin Kano, daura da fadar Sarkin Kano. Yana cikin tsofaffin gine-ginen ƙasa da suka rage a ƙasar Hausa, kuma a yau wani sashensa gidan adana kayan tarihi ne.

Tarihi

Tarihin baka ya nuna an gina gidan a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, lokacin yana riƙe da sarautar Makama. Bayan ya zama sarki (1463 zuwa 1499) ya gina sabuwar fada, wato Gidan Rumfa, wannan kuwa ya zama mazaunin masu sarautar Makama. Bayan jihadi sarautar ta koma hannun Fulani Joɓawa, kuma Makama yana cikin masu zaɓen sarki.

Da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, sun yi ofis a gidan na ɗan lokaci. Daga baya aka raba shi uku: gidan tarihi, makarantar firamare, da wurin zaman Makama. A 1959 aka sanya shi cikin wuraren tarihi na ƙasa.

Tsarin gini

An gina shi da tubali, aka yi rufi da azara, wato itacen giginya da gara ba ta cika ci ba. Azara ba ta jure nauyin ƙasa idan tazara ta yi yawa, don haka magina kan ɗaura baka daga bango zuwa bango ya tallafi rufin, a samu soro mai faɗi. Bangon yana da kauri, shi ya sa ɗakunan ke da sanyi da rana. A saman gini akwai zankwaye, da indararo mai zubar da ruwan sama nesa da bango.

Kamar sauran gidajen sarakuna, ta zaure ake shiga. Nan baƙi maza ke tsayawa, sai wanda aka yi wa izini ke wucewa ta soraye zuwa cikin gida, inda iyali suke.

Halin da yake ciki

Hukumar kula da gidajen tarihi ta Najeriya ce ke riƙe da sashen tarihi, inda aka ajiye tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni, da kayan yaƙi, da hotuna. Babbar barazanarsa damina ce: ginin ƙasa sai da yaɓe akai-akai, ga shi maginan gargajiya suna raguwa tun da siminti ya yawaita.