Ina na'urar take? Matsalar kula da rezon tarho

Tsarin kula da rezon tarho, wanda ake kira OSS, an gina shi bisa zato guda: kowane aiki yana da akwatinsa, da lambarsa, da ɗakin da aka girka shi. In ƙararrawa ta kaɗa, an san inda za a aika ma'aikaci. Tun 2012, da manyan kamfanoni suka tayar da batun mayar da ayyukan nan manhaja a ƙarƙashin hukumar ETSI, zaton ya fara rushewa. Aiki yakan tashi daga wannan kwamfuta ya koma waccan cikin ƴan mintoci, alhali tsohuwar rajista tana nuna wurin jiya. A ganinmu, kalmar "na'ura" ma ta gaza a nan, domin tana sa mai karatu tunanin ƙarfen da hannu ke taɓawa.