Ƙwarin Ruwan Tafki: Wanne Ne Mai Kawo Kurkunu?

Jama'a makiyaya da fatake, duk wanda ya bi hanyar Mora zuwa Banki ko Kusiri da rani ya san idan ƙishirwa ta kai maƙura, ruwan tafki ake sha. To, wannan ruwa da kuke gani cike yake da ƙananan halittu. Bari mu rarrabe muku guda biyu, don ɗaya ba shi da laifi, ɗayan kuwa shi ke ɗauke da kurkunu.

Na farko masana na kiransa gastirotirik. Yawanci bai kai rabin milimita ba, sai da madubin likita ake ganinsa. Siffarsa kamar 'yar kwalba, cikinsa duk gashi ne, da shi yake sulalewa a hankali kan laka. Bayansa akwai ƙaya ko ɓawo irin na kifi, wutsiyarsa ta rabu biyu. Ƙwayoyin da ke cikin laka yake ci, ba ruwansa da mutum ko dabba.

Na biyu shi ne ƙuman ruwa. Shi ya kai milimita 1 zuwa 2. Ku ɗebi ruwa a kwalba mai haske ku ɗaga wa rana, za ku ga ɗigo-ɗigo fari yana zabura, ya tsaya, ya sake zabura. A madubi, ido ɗaya gare shi a tsakiyar kai, da dogayen ƙaho biyu, macen kuma tana jan buhunan ƙwai biyu. Shi ke haɗiye 'ya'yan kurkunu. Ka sha shi bana, baɗi war haka tsutsa mai tsawon kusan mita 1 ta ɓullo maka a ƙafa. Babu magani, babu rigakafi, sai makonni a kwance. Wa zai kora maka garke? Wa zai kai kayanka kasuwa?

Dattawan Mayo-Sava sun san wannan ciwo, don nan ne ya fi daɗewa a Kamaru. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da shi. Amma har yanzu yana Chadi, kuma an same shi a jikin karnuka a bakin kogin Logone.

Saboda haka kada ruwa ya ruɗe ku don ya yi garau. Ku tace da ƙyalle mai matsattsiyar saƙa, ko ku tafasa. Kada ku jefa wa kare ɗanyen hanjin kifi. Wanda ya ga bororo mai zafi a ƙafa, kada ya shiga tafki, ya nufi asibiti.

Allah Ya kiyaye hanya.