Lambar Cuta da Kuɗin Jinyar Gida a Amurka

A Amurka, tsohon da aka sallamo daga asibiti amma fita daga gida ke masa wuya, ana iya biyo shi da jinya har ɗakinsa. Nas ta zo ta wanke masa ciwo, mai gashin ƙashi ya zo ya sake koya masa tafiya, wata kuma ta taya shi wanka. Kamfanoni ne ke wannan aiki, babban mai biyansu kuwa shi ne Medicare, inshorar lafiya da gwamnatin tarayya ta kafa a 1965 domin waɗanda suka kai shekara 65. Hukumar CMS ce ke riƙe da lalitar.

Kamfani ba ya aika wa hukuma dogon labarin majinyaci. Kowace cuta tana da lambarta a kundin ICD, wanda asalinsa na Hukumar Lafiya ta Duniya ne, Amurka kuma ta koma amfani da bugu na goma tun 1 ga Oktoba 2015. Hawan jini, misali, I10 ne. A takardar neman biya akan sa lamba ɗaya a sama, wato babbar cutar da ta sa ake zuwa gidan, sauran cututtuka su biyo a ƙasa. An ƙirƙiri lambobin nan ne domin ƙididdigar cututtuka. Da aka rataya musu kuɗi, sai suka fara bin kuɗin kamar yadda kaji ke bin inda aka watsa tsaba.

A da Medicare tana biyan kamfani gwargwadon abin da ya kashe, har kuɗin ya yi tashin gwauron zabi a shekarun 1990. Majalisa ta yi doka a 1997, kuma daga Oktoba 2000 aka koma biyan kuɗi dunƙule na kwana 60, bisa rukunin da majinyaci ya faɗa cikin rukunai 80. Ciwon suga da ciwon ƙashi da na jijiyoyi suna ƙara maki idan su aka sa a sama, kuma ziyarar gashi goma tana jawo ƙarin kuɗi mai tsoka. A 2008 rukunai suka zama 153, aka mai da matakan gashi 6 da 14 da 20, sai yawan ziyara ya fara taruwa daidai bakin sababbin matakan. Kwamitin kuɗi na Majalisar Dattawa ya binciki wannan, ya fitar da rahoto a 2011 yana zargin wasu manyan kamfanoni da tsara ziyara domin kuɗi.

Labarin hawan jini ya fi nuna abin sarai. Tun da aka fara ba shi maki a 2008, rubuta shi a takardu ya ƙaru sosai, alhali hukuma ta duba ta ga jinyar masu shi ba ta fi ta sauran tsada ba. Daga Janairu 2012 ta cire lambobinsa biyu, 401.1 da 401.9 na tsohon kundi, daga lissafin biya.

Babban sauyi ya zo a 1 ga Janairu 2020 da tsarin PDGM. An rage zangon biya zuwa kwana 30, an soke matakan ziyarar gashi, rukunai suka kai 432. Yanzu lambar da ke sama ita ke jefa majinyaci cikin ɗaya daga rukunan cuta 12, irin su rauni, ciwon zuciya, numfashi ko shanyewar ɓarin jiki. Lambobin ƙasa, waɗanda takarda ke ɗaukar har 24, su ke nuna ko za a ƙara kuɗi saboda tarin cututtuka. An kuma hana sa galibin lambobin da alama kawai suke nunawa a sama. M62.81, wato rashin ƙarfin jiki, wadda kamfanoni suka daɗe suna dogaro da ita, da R29.6 ta yawan faɗuwa, duk takardar da ta fara da su sai a mayar wa mai ita. Dole a koma wurin likita a tambaye shi: me ya kawo rashin ƙarfin? Ciwon Fakinsan ne, ko gazawar zuciya? Mai sa lamba ba shi da ikon yanke wannan da kansa, sai abin da likita ya tabbatar.

A nan ya kamata a yi wa kamfanonin adalci. Ba duk sauyin lamba ne maguɗi ba. Tsohuwa mai ciwon suga da na ƙoda da na zuciya, tun da can tana ɗauke da su duka, ba a dai damu da rubuta su ba ne lokacin da rubutun ba ya kawo ko sisi. Tilasta neman ainihin cuta kuwa gyara ne, domin "rashin ƙarfi" bai gaya wa nas abin da za ta lura da shi ba. Amma idan cututtuka biyu suka cancanci zama a sama, ɗaya ta fi kuɗi, kowa ya san wadda za a zaɓa. Ita ma CMS ta sani, shi ya sa tun kafin a fara ta zabtare kashi 4.36 cikin ɗari na kuɗin 2020, bisa hasashen cewa kamfanoni za su sauya salon sa lamba. Laifin wannan dabara shi ne ta haɗa mai gaskiya da mai ha'inci ta yanka musu daidai wa daida. Hukumar ta ƙara zabtare kashi 3.925 a 2023, ƙungiyar kamfanonin kuma ta maka ta a kotu a shekarar.

Don haka mai karatu, in ka ga alƙaluma sun nuna rashin ƙarfin jiki ya ɓace daga jerin manyan cututtukan tsofaffin Amurka masu jinyar gida a 2020, kada ka ɗauka sun warke. A shekarar ce Medicare ta daina karɓar lambar a saman takarda.