Waya Na Magana, Amma Manhajar Banki Ta Yi Gum

Tun ƙarancin takardun kuɗin da ya biyo bayan sauya fasalin naira a farkon shekarar 2023, ciniki a Najeriya ya koma cikin waya. Mai shayi na karɓar taransifa, mai kayan miya ta haddace lambar asusunta. Sai dai akwai mutanen da wannan sauƙi ya zame wa tonon asiri. Makahon da ya je wurin mai POS, in na'urar irin mai shafaffen gilashin nan ce wadda babu maɓallin da yatsa zai laluba, dole ya faɗi lambar sirrinsa da baki a bainar jama'a, ko ya miƙa katinsa ga ɗan jagora. Magidanci ne mai iyali, amma ba shi da ikon ɓoye abin da ke asusunsa.

Abin da ke da ciwo shi ne maganin wannan matsala ya daɗe da samuwa. Wayoyin Android na ɗauke da manhajar TalkBack, iPhone kuma na da VoiceOver tun 2009. A kwamfuta akwai NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka ƙera, ana kuma sauke ta kyauta. Aikin waɗannan manhajoji shi ne karanta abin da ke fuskar na'ura da murya: mutum ya ɗora yatsa, waya ta gaya masa abin da ya taɓa, ya ƙwanƙwasa sau biyu ta buɗe. Da haka makafi ke aika saƙo, suna karatu, suna sayar da kaya.

To amma manhajar ba ta gani kamar ido, da rubutu ta fi dogara. Kowane maɓalli da kowane hoto na buƙatar ɗan bayanin da mai ƙera shafin zai ɓoye a bayansa. In ya yi ganganci bai saka ba, sai murya ta ce "maɓalli" ta yi shiru, mutum bai san ko na tura kuɗi ne ko na sokewa ba. Haka sanarwar ɗaukar aiki da hukuma za ta ɗauki hotonta ta watsa a Facebook: ga mai ido takarda ce, ga makaho fanko. Ga kuma gwajin nan da ake cewa ka zaɓi hotunan da ke da mota don a tabbatar kai mutum ne. Ƙa'idojin kauce wa duk wannan a rubuce suke tun 1999, lokacin da ƙungiyar W3C mai tsara dokokin shafukan intanet ta fitar da kundin WCAG. Saka bayanin maɓalli aikin 'yan mintuna ne in an tuna da shi tun ana gini. Kamar matakala ce a ƙofar asibiti: wanda ya zuba ta bai ƙi gurgu ba, bai dai tuna da shi ba ne, amma gurgun a waje ya tsaya.

Kurame nasu kukan daban ne. Bidiyon faɗakarwa kan annoba ko zaɓe yakan zo babu rubutu a ƙasa, babu mai fassara. Ko an sa mai fassarar, akwai sauran magana, domin yaren hannu da ake koyarwa a makarantu ya samo asali ne daga na Amurka, wanda Andrew Foster ya shigo da shi wajen 1960, alhali kurame da yawa a ƙasar Hausa da tasu Maganar Hannu suka tashi. Wanda kuturta ta cinye wa yatsu kuwa, na'urar ɗaukar zanen yatsa ce ke tsaye tsakaninsa da BVN da NIN, wato tsakaninsa da asusu da layin waya.

Doka ba ta bar su ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2010, sashe na 9 ya ambaci hanyoyin sadarwa ƙarara. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya, aka kafa musu hukuma a 2020. Hukumar JAMB ma ta kafa kwamiti na musamman a 2017 domin makafi masu zana jarrabawarta, abin da ya nuna in an so ana iyawa.

A ganina, a wurin bayar da kwangila ya kamata a ɗaure zancen. Duk ma'aikata ko bankin da zai sayi manhaja, kada ya biya sai makaho da kurma sun zauna sun gwada ta, a kuma biya su ladan gwajin a matsayin ƙwararru. Sannan jami'o'inmu da gidajen rediyonmu su ba da muryoyi a gina wa waɗannan manhajoji Hausa mai kyau, domin muryar Turanci in ta ci karo da ƙ da ɗ da ɓ dagula kalmar take yi, kuma makafinmu da yawa da Hausa suke rayuwa.